Ni da Linzami da Birin Dinder

Ranar nan wani yaro daga cikin masu aski da makana, wato inji, a bakin kasuwa ya zo aron dutsen washi, ya tsaya yana juya zabirata kamar wanda ya tono kayan mutanen da. Ya ce, "Baba Sa'idu, ai ku kun ji daɗi. Aska da ruwa, halas, an gama sana'a." Abokansa suka yi dariya. Ni ma na taya su, don haƙoran da suka rage mini ba su isa faɗa ba. Na ce su zauna a kan benci, tunda babu wanda ke jiran su sai ƙudaje, in gaya musu abin da ke cikin wannan zabira.

A hannun kawuna Ɗanjuma na koyi wanzanci, a wata hilla, wato ƙauye, ta Hausawa da ke bakin tur'a, babbar hanyar ruwan nan ta Jazira, tafiyar hantsi daga Wad Madani in ka samu lori. Shi Kawu daga ƙasar Sakkwato ya taso a ƙasa da niyyar Makka, ya tsaya a Jazira ya tara kuɗin jirgi, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, har ya koma ga Allah yana tara kuɗin jirgin. Da ya karɓe ni bai ba ni kan mutum ba. Duma ya ba ni, ya shafe shi da sabulu, ya ce in aske. Na aske duman da ya isa a buɗe kasuwar ƙwarya kafin ya yarda in taɓa kan wani kurman tsoho, wanda ko na yanke shi ba zai ji haƙurin da zan ba shi ba.

Zabirar wanzami ba aska ɗaya ce a ciki ba. Akwai ta aski, mai faɗi, akwai ƙarama ta tsaga, akwai ta kaciya wadda ba a haɗa ta da komai. Akwai ƙahonin saniya da aka huda tsininsu, da ɗan guntun jijiyar da ake toshe hudar da shi da harshe bayan an zuƙe iska. Ranar da na fara kafa ƙaho, na zuƙa da ƙarfin saurayi, leɓena ya kumbura har Kawu ya ce in zauna a gida kada yara su tsorata. Akwai dutse, akwai fatar da ake goga aska a kai, akwai ɗan itacen danne harshe. Wannan ɗan itacen, da ba shi da tsawon yatsa biyu, shi ya ɗaga ni sama, shi ya kuma sauke ni.

Aikin da ya fara fitar da sunana na ɗan wani mai hawasha ne, Alhaji Bala. Hawasha, in kun manta, ita ce gonar audugar da hukumar noma ke damƙa wa mutum, kuma a zamanin mai hawasha a cikin Hausawa babban mutum ne. Ɗansa ya kusa shekara biyu bai ce uffan ba. Kawu ba ya nan, aka kira ni. Na danna bakin yaron na ɗaga harshe, sai na ga zaren naman nan na ƙarƙashi, wanda muke kira linzami, ya zo har tsinin harshen ya ɗaure shi, harshen ba ya iya wuce leɓe. Na sa ƙaramar aska na ɗan taɓa, jinin bai cika cokali ba. Uwar ta ba shi nono ya yi shiru. Kafin wata ya mutu yaron ya ce "Inna", ya ce "ruwa", daga nan ya ce abin da ya ji direbobin lori suna cewa, aka mare shi.

Shi ke nan. Daga hillarmu har kambo, wato sansanin 'yan tsinkar auduga, aka sa mini suna Mabuɗi. Duk macen da ɗanta ya yi shekara da rabi bai yi magana ba sai ta goyo shi ta kawo mini, da kaza ko kwanon dawa. In na ga linzami in taɓa shi. In ban gani ba, in shafa zuma da ɗan gishiri a ƙarƙashin harshe, in yi addu'a, in ce a dawo da shi bayan an gama tsinka. Kuma wallahi duk wanda aka dawo da shi yana magana. Kada ku ce damfara nake yi, don duk garin babu wanda ya kai ni yarda da kaina. Na ɗauka magana wata aba ce da ke kulle a bayan harshe, ni kuma Allah ya ba ni hannun buɗewa. Na sayi rawani. Na fara tafiya a hankali. Kawu yana kallona daga kan angarib ɗinsa, gadon nan na igiya, wata rana ya ce, "Sa'idu, gobe ka yi sammakon tashi, kada rana ta ƙi hitowa." Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Wata shekara da aka fara tsinka, cikin mutanen da ke zuwa daga wajen Dinder akwai wani Malam Haruna, mutum mai sanyi, ya zo da matarsa Hajo da uwarta Inna Tabawa da yaransa. Ya same ni a rumfa ya yi sallama, ya tura wani yaro gabana.

"Wanzam, wanga shi ne Sale. Shekararshi shidda. Ji yana ji, aike yana zuwa, amma in ya buɗe baki sai ka ce da tuwo mai zahi a ciki. Uwarshi ma haka take, da kakarshi."

Na ce, "Ka kawo shi inda ya dace."

Ya rage murya. "Yayana Umaru ya matsa mini. Ya ce gidan su Hajo aljannu sun taɓa su, in maishe ta gun danginta tun ban cika gida da wawaye ba. Na ce ya bari in gwada Mabuɗi. In yaron ya yi magana, bakin Yaya ya mutu."

Mai hankali da ya ji haka sai ya ja yaron bayan rumfa ya duba shi a asirce. Ni kuwa na ce a bari sai ranar kasuwa, a ƙarƙashin gawon da ke bakin gada, inda kowa zai gani. Na kwana biyu ina gaya wa duk wanda na aske cewa ya zo ya ga aiki.

Ranar mutane suka taru, har da Larabawa masu sayar da madara. Na shimfiɗa buzu, na jera kayana, na zaunar da Sale. Na danna harshe na ɗaga. Babu komai. Harshe ne lafiyayye, ya fi nawa kyau, yana kaiwa ko'ina. Na ce ya ce "Baba", ya ce, ko da yake da ƙyar. Na ce ya ce "Bisimillahi", sai kalmar ta wargaje a bakinsa, farkonta ya fito, tsakiyar ta ɓace, ƙarshen ya zo kafin lokacinsa. Na ce ya hura gashin kazar da na ɗora a tafin hannuna, ya tattara leɓe ya kasa haɗa su da numfashi. Amma da na ce, don in sami lokacin tunani, "Miƙo mini ƙaramar askar da ke bayan ƙahon tsakiya," hannunsa bai yi kuskure ba.

Ga taro, ga rawani a kaina, ga Umaru tsaye ya harɗe hannu. Na ce a raina bari in ɗan taɓa wurin ko yaya, a ga jini, sauran kuma sai bayan tsinka. Na ɗauki askar ke nan sai na ji an riƙe mini wuyan hannu. Inna Tabawa ce. Tsohuwar da ta shekara tana jan buhun auduga, riƙonta kamar na maƙera. Ta durƙusa gabana ta buɗe bakinta ta ɗaga harshe. Ƙarƙashinsa duk tabo ne, fari-fari, wani a kan wani. Ta jawo Hajo ta sa ta buɗe nata, shi ma haka. Sannan ta yi ta kokawa da bakinta har ta fitar da abin da kowa a wurin ya ji.

"An yan... ka. Bai... yi ba."

Ta ɗauke jikanta ta wuce ta tsakiyar mutane. Aka bar ni da aska a hannu. Wani daga baya ya ce, "To Mabuɗi, ko mu dawo bayan tsinka?" Na naɗe buzuna ina jin dariyar har na kai gida.

Wannan ita ce mummunar shekarata, kuma ba ni kaɗai ta samu ba. Auduga ta yi, amma ta ƙi sayuwa, aka jibge ta a ma'aji, masu hawasha suka rasa abin biyan 'yan tsinka, 'yan tsinka suka rasa abin biyan kowa. Maza suka koma aske junansu da reza. Wani wanzami na hillar gaba ya bi gida-gida yana cewa hannuna ya mutu. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni shi ne, matan da ba su da kazar kawo mini suka bar 'ya'yansu a gida, babu zuma, babu gishiri, babu addu'ata, kuma yaran nan marasa kunya suka yi magana a kan kari. Kana wucewa ta lungu sai ka ji wani ɗan mitsitsi da ban taɓa ganin cikin bakinsa ba yana kiran akuya da suna. Na cire rawani na shiga gona tsinka. Hannun da ya saba da sabulu ya haɗu da ƙwanson auduga, ya tsattsage. Buhuna a wurin awo, mai awon yakan tambaya ko na ɗana ne.

A cikin wannan hali wani maharbi daga Dinder ya zo in yi masa ƙaho a baya. Da aka gama ya ce ba shi da ko sisi, ya kwance wani ɗan biri daga cikin mayafinsa ya ajiye mini ya tafi. Na zauna ina kallon birin yana kallona. Ya yi hamma, na hango cikin bakinsa: ga harshe, ga haƙora, ga ganda, ga maƙogwaro, komai irin na ɗan mutum. Sai tunani ya zo mini, irin wanda ke zuwa wa mai yunwa. Na ce in na sa wannan ya faɗi kalma ɗaya ta Hausa a ƙarƙashin gawon nan, ba Mabuɗi ba, sai an kira ni daga Khartum.

Na sa masa suna Ɗalibi. Kullum da safe in ɗaure shi a turken rumfa, in riƙe dabino a gaban hancinsa in ce "da-bi-no". Ya dube ni, ya dubi dabinon, ya fizge. Matata Hadiza takan tsaya da muciya a hannu ta ce, "Malam, in ma ya yi maganar, mi za ya ce? Ai cewa za ya yi gidan ga babu abinci."

Kada ku raina birin nan. Duk abin da hannu ke yi ya koya. Ya iya goga aska a fata, ya iya kwance zabira, ya taɓa kafa wa karen maƙwabta ƙaho. Kuma yana da kukansa kala-kala: wanda yake yi in ya ga shaho daban, na kare daban, na Hadiza in ta ɗauko taɓarya daban, har na kai ina gane su daga cikin ɗaki. Wato dai ni na koyi nasa. Amma damina ta zo ta wuce, kukan nan bai ƙaru da ko ɗaya ba, bai kuma taɓa haɗa biyu su ba da wata ma'ana ta uku ba. A gidan da ke jikin namu kuwa akwai wata yarinya da take rarrafe lokacin da aka kawo birin. Babu mai riƙe mata dabino, uwarta tana gona, ita tana cin ƙasa a tsakar gida. Kafin a sake fara tsinka sai ga ta tana yi wa kakarta Hausa, tana yi wa mai madara Larabci, ba ta kuma haɗa su. Har ƙarya ta iya.

Na yanke shawara cewa lallai birin linzami gare shi. Na sa Hadiza ta riƙe ƙafafunsa, ta ƙi, na naɗe shi a buhu na matse da gwiwa, na tura ɗan itacen nan a bakinsa. Ya bar itacen ya kama tushen babban yatsana, ya haɗa haƙoransa a ciki. Ga tabon nan, ku duba. Kwana kaɗan hannun ya zama kamar kabewa, zazzaɓi ya rufe ni, aka ɗora ni a lorin auduga zuwa asibiti a Madani.

Hakim ɗin, wato likitan, da ya duba ni saurayi ne, Balarabe ɗan Jazira, ubansa ma mai hawasha ne. Ya tambaye ni da Larabci wa ya cije ni. Na ce ɗalibina. Da ya ji sauran labarin sai ya ajiye almakashi ya fita waje, na ji yana dariya a baranda, ya dawo ya ce in yi haƙuri. Ya ce za a yi mini allurai a fatar ciki, kullum in zo. To a zuwan nan ne muka saba, don in ya gama da ni yakan ce in ƙara masa labarin Ɗalibi.

Wata rana ya kira ni usta, wato gwanin sana'a, ya ce, "Ya usta, kana neman magana a inda ba ta. Harshe ma'aikaci ne kawai. Mai ba da umarnin yana nan," ya taɓa kansa. "Jariri yana zuwa duniya da wani shiri a ƙwaƙwalwarsa, wanda ya gada daga iyaye kamar yadda ya gaji tafiya da ƙafa biyu. In lokaci ya yi, ya ji mutane suna magana, sai abin ya tashi da kansa. Birinka ba a haife shi da wannan shiri ba. Ko ka shekara ɗari da dabino."

Na ce, "Amma bakinsa irin namu ne sak."

Ya ce masana na cewa jikinmu da na birai 'yan uwan juna ne tun wani zamani mai nisan da ba a iya ƙirgawa, sai daga baya wani abu ya shigo cikin zuriyar ɗan Adam, a hankali, daga iyaye zuwa 'ya'ya, har muka zama masu haɗa kalma da kalma. Ya ce yaushe ne, ta yaya ne, har yanzu gardama ake yi, babu wanda ya sani tabbas. Na ce ni dai kakana Basakkwace ne, kuma malamanmu sun gaya mana Allah ne ya koya wa Annabi Adamu sunaye. Ya ce bai zo ya raba ni da malamaina ba, shi abin da ke gabansa shi ne abin nan a jiki yake, kuma ana gadonsa.

Nan na ga wurin da zan ci shi. Na ce, "To ka zo inda nake. Na daɗe ina cewa Hausa a jini take."

Ya ce, "'Ya'yanka wane harshe suke yi in suna wasa?"

Nan ya kama ni, don ko a safiyar ranar babban ɗana da Larabci ya ce mini Allah ya sawwaƙe. Hakim ya ce, "Tur'a ce ake gado, an haƙa ta tun kafin a haife ka. Ruwan da zai bi ta kuwa, sai ƙofar da aka buɗe."

Sai a ranar allurar ƙarshe na ba shi labarin Sale, don abin kunya ne, na ajiye shi ƙarshe. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya tambaye ni wa da wa a gidan, na ce kaka da uwa da ɗa. Ya ce in sun zo tsinka in kawo su.

Sun zo kuwa, Hajo da ciki, Umaru ya ba ƙanensa wa'adin cewa daga wannan tsinkar ba za a koma Dinder da ita ba. Sai da na je kambo sau da yawa kafin Inna Tabawa ta yarda, kuma sai da ta ga na bar zabira a gida. Hakim ya ɗauki lokaci da su. Ya sa su hura, su taɓa hanci da harshe, su maimaita kalmomi, ya ba Sale wasu 'yan katakai ya ce ya haɗa, yaron ya haɗa kafin in gane inda aka dosa. Ya tambayi tsohuwa danginta, Haruna yana fassara masa. Ashe ubanta haka yake, cikin 'ya'yanta wasu sun ɗauko wasu ba su ɗauko ba, haka jikoki, kuma duk wanda bai ɗauko ba 'ya'yansa lafiya lau.

Ya ce wa Haruna, "Ba aljani ba ne, ba wauta ba ce. Hankalinsu kalau. Hanyar da umarni ke bi daga kai zuwa baki ce take da tangarɗa, kuma gado ne. Ba ni da allurarsa, wuƙa ma ba ta da aiki a nan. A riƙa yi masa magana, a jira shi ya ƙarasa, zai ƙaru kaɗan-kaɗan."

Haruna ya ce, "To laihin wa?"

Hakim ya ce, "Dogon hancin nan naka laifin wa?"

Na dawo kambo ina jin kaina kamar ni na gano abin. Na tara mutane bayan la'asar, na yi musu bayanin tur'a da ƙofa da birai, na ƙara da nawa. Na ɗauka na ceci auren. Umaru ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Madalla, Wanzam. Da aljani ne ai sai a yi rubutu a hidda shi. Tunda ka ce a jini yake, babu hita ke nan. Haruna, ka ji da kunnenka, sai ka sallame ta."

Haruna ne ya yi magana, yana zaune yana cire ƙaya daga ƙafarsa, bai ko ɗaga kai ba. "Yaya, shekarun da na yi da Hajo ban taɓa kwana ban gane abin da take nuhi ba. Kai da maganarka ke hita tas, tun muna yara nike saurarenka, har yau ban gane mi kake so da ni ba. Matata tana nan." Umaru ya kaɗe rigarsa ya tafi, ya yi shekaru ba ya shiga gidan ƙanensa. Cikin da Hajo ke ɗauke da shi ta haifi mace, ta tashi da baki kamar rediyo.

Ni kuwa na koma abin da Kawu ya koya mini: aski, ƙaho, kaciya, askin suna. Linzami na ci gaba da dubawa, amma sai in jariri ya kasa kama nono, ko harshen ya ɗaure a fili yadda ko makaho zai shafa ya ji. Saura in ce wa uwar ta je ta yi ta hira da ɗanta, ta riƙe kazarta. Sunan Mabuɗi bai mutu ba, sai dai ya koma abin da ake kirana da shi in ana son a ga na ɓata rai. Ɗalibi kuwa na ba wani direba mai zuwa Rusairis lokacin da ake ginin madatsar ruwa, na ji an ce ya samu matsayi a kan buhunan siminti.

Bayan shekaru masu yawa, gashina ya fara fari, sai ga saƙo daga wani ƙauye kusa da Rusairis: Sale ya yi ɗa namiji, yana so ni zan yi askin suna. Makaranta ba ta riƙe shi ba, malamai ba su da haƙurin jira, amma ya zama makanikin injinan jawo ruwa, manoman bakin kogi suna layi a ƙofarsa. Na hau lori na tafi. Inna Tabawa ta rasu, Haruna da Hajo sun tsufa, Umaru ma yana nan a kan tabarmar manya yana rabon goro kamar ba shi ba.

Na karɓi jaririn na jiƙa kansa da ruwan ɗumi, na fara aski, ina yi ina ba mazan da ke wurin labarin yadda hanya ta lalace, da tsadar sabulu, da yadda aski ya lalace a hannun yaran zamani. A jikin Sale akwai 'yarsa ta fari, ba ta fi shekara huɗu ba, an sa mata sunan tsohuwa, ta kuma ɗauko bakin gidan. Ta daɗe tana kallona. Can ta ja rigar ubanta ta faɗi wani abu, a kunnena guntaye ne kawai. Sale ya amsa mata da irin nasa. Hajo da ke bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Na ce, "Malam Haruna, mi suka ce?"

Ya ce, "Bar shi, Wanzam, zancen yara ne."

Na ce sai ya faɗa.

"Ta ce wanga tsoho tun da ya zo bakinshi bai rufe ba, ko shi ma gado ya yi. Sale ya ce mata awo, kuma hakim ya ce babu magani."

Na so in yi gardama, sai na tuna uwata, Allah ya jiƙanta, wadda in ta je gaisuwar mutuwa masu makoki ke fara sallama. Na tuna kakata ma. Na sunkuyar da kai na ƙarasa askin.